Tsuntsun da Ya Ƙi Hawa Kara

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safiyar wata Laraba aka miƙo mini kejin, a ofishin wata masana'antar labule da ke Panyu, a gefen birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Mu uku ne a ɗakin: ni, da mai masana'antar da muke kira Lawban Wu, wato maigida Wu, da Isuhu, ɗalibi ɗan Damagaram da ke yi mini tafinta ranar da ba shi da darasi. An gama loda kayanmu, an sha shayin nan nasu marar sukari, sai Lawban ya shiga ciki ya fito da keji na gora mai ƙugiyar tagulla. Ya miƙo da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu, don kuwa haka ake karɓar abu a garin.

Isuhu ya ce kyauta ce. Lawban ya ji labarin ni mai son tsuntsu ne, wani kuma ya kawo masa wannan daga can yammacin ƙasar, ya ce ko a kasuwar tsuntsaye ba zan ga irinsa ba.

Na leƙa. Ya ɗara kanari girma kaɗan. Bayansa launin dutse, goshinsa da maƙoshinsa har zuwa ƙirji ja wur kamar an tsoma shi a zoɓo. Baki gajere mai kauri, fukafukai dogaye. Akwai karare a gicciye cikin kejin don ya hau, amma yana tsugune a ƙasa.

Kafin in ci gaba sai na koma baya, don ba na son labari a hargitse.

Sunana Habibu. A Fagge na tashi, karatuna bai yi nisa ba, kuma na daɗe ina yaron shago a kasuwar Kwari ta Kano kafin maigidana ya turo ni Guangzhou in zauna ina saya masa kaya ina aikawa. Bayan iyali, abin da na bari a gida da ya fi tsaya mini a rai kanarina ne. A unguwarmu muna da majalisa a gindin wata darbejiya. Da hantsi kowa zai kawo kejinsa ya rataya, a zauna a ji na wa ya fi dogon kuka. An kafa ƙusoshi a jikin bishiyar, kuma ƙusar da ta fi kowace bisa ta gwanin tsuntsaye ce. Shekara da shekaru tana hannun Malam Ɗanjuma, dattijon majalisar. Ni dai ban taɓa samunta ba, amma ba a taɓa jin tsuntsu ya mutu a hannuna don sakaci ba.

Zangona na farko a garin nan wani ɗaki ne a ƙololuwar tsohon gini, bayan manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan. Fanka ɗaya, taga ɗaya, rufin kuma yana shan rana tun safe. Ban daɗe da sauka ba wani Bahaushe ya tare ni da “ɗan garinmu, ɗan garinmu”, ya kai ni wani shago aka nuna mini yadi mai kauri, aka ɗaure mini wani daban. Da kayan suka isa Kano maigidana ya kira ya ce in gaya masa, labule na aiko ko matacin koko. Tun daga ranar ban ƙara yarda a rufe kwali ba sai na zura hannu har gindinsa. Kalmar da na fara koya a yarensu ita ce meyo, wato babu. Ita na fi ji a kasuwa, ita na fi ji wurin masu ba da hayar ɗaki.

Na yi makonni burodi da ruwan zafi ne abincina, don tsoron a ci da ni abin da bai halatta ba. Wata rana na tsaya a ƙofar wani shagon taliya mai koren allo ina haɗa baƙin rubutun Larabcin da ke jiki, sai wani tsoho mai farar hula ya fito ya yi mini cikakkiyar sallama. Musulmi ne daga duwatsun arewa maso yammacin ƙasar, sunansa Musa. Ya zaunar da ni, ya ja taliya da hannunsa ina kallo, matarsa Inna Ayisha ta ƙara mini nama ba tare da na tambaya ba. Da lokacin azahar ya yi ya shimfiɗa mini darduma a ɗakin ajiyarsu. Wannan shago shi ne zangona na biyu. Na riƙa kiransa Baba Musa, kuma a can na haɗu da Isuhu.

Ciki ya samu, sallah ta samu wuri, amma safiya ba ta gyaru ba. In na idar da asuba nakan kasa kunne bisa sabo, ba abin da zan ji sai gurnanin na'urorin sanyi na maƙwabta da ƙarar amalanken kaya.

To, ga ni yanzu da keji a cinya, direban Lawban yana mayar da mu cikin gari. Isuhu ya dube ni ya yi dariya, don tsakanin Bakano da Badamagare ba a rasa tsiya.

“Yaya Habibu, na ga idonka. Tun ba mu hita Panyu ba ka gama yi masa kuɗi.”

Na ce masa Badamagare bai san darajar tsuntsu ba sai a tukunya. Amma ba sayarwa ce a raina ba. Darbejiya nake gani, da jan tsuntsun nan a rataye a sama. A daren farko na aika hotonsa majalisa. Saƙonni suka yi ta shigowa, har Malam Ɗanjuma da kansa ya ce in na kawo shi Kano da rai, kuma tsuntsun ya buɗe baki, zai sauke kejinsa da hannunsa ya ba ni ƙusar.

Mu 'yan kanari muna da ƙa'idar sabon kamu, kuma a jere take. Da farko a lulluɓe kejin da baƙin ƙyalle don tsuntsu ya daina firgita. Bayan haka a riƙa fitar da shi ya sha hantsi. Daga ƙarshe a kusantar da shi da wani mai kuka don kishi ya buɗe masa baki. Na bi ta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na koya. Na lulluɓe shi da baƙar rigata. Na rataye shi a taga da safe. Da yake ba ni da wani tsuntsun, na sa aka ɗauko mini kukan kanarina a waya na riƙa kunna masa. Na samo masa ɗan ƙaramin geron ƙasar, na wanke mazubin ruwansa safe da yamma.

Bai yi kuka ba, bai hau kara ba, geron ma sai ya watsar. Lokacin tsakiyar zafinsu ne, zafi mai laima da ke manne wa mutum riga a baya. Na lura yana buɗe baki yana haki, fukafukan sun saki har suna taɓa ƙasan kejin. Duk maganin da na sani na kanari ne, kuma na gama shi.

Wata safiya zan je wurin masu kargo, ban so in bar shi shi kaɗai a ɗakin ba, sai na sauko da shi shagon Baba Musa. Yana tsakiyar jan taliya. Ya ɗaga gefen rigar ya leƙa, sai ya ajiye ƙullun. Ya kira matarsa, ta zo ta duba, ta dafe baki. Bai tambaye ni ba ya yaye baƙar rigar ya miƙo mini, ya wuce da kejin ɗakin ajiya inda na'urar sanyi ke aiki dare da rana saboda nama. Ya zare kararen nan ya jefar. Ya fita titi ya dawo da wani ɓallin kankare kamar dunƙulen hannu, ya wanke shi, ya sa a ciki.

Muna tsaye. Can sai tsuntsun ya ja jiki ya hau kankaren ya zauna.

Na kira Isuhu a waya ya yi mana tafinta. Baba Musa ya ce yana yaro yakan bi mahaifinsa kiwon tumaki zuwa saman dutse, can inda bishiya ba ta fitowa, inda ƙanƙara ba ta gama narkewa ko da bazara. A can yake ganin wannan tsuntsu, kuma duk rayuwarsa bai gan shi da yawa ba. Bai san reshe ba, dutse ya sani. A ƙasa yake kiwo, yana tsintar 'ya'yan ƙananan ciyayi a bakin ƙanƙara. Su ma ba su da wani suna da suke kiransa da shi sai jan tsuntsun dutse. Da yamma Isuhu ya zo ya yi ta bincike a wayarsa. Ya samo hotunan wasu masu kama da shi, bai iya rantsewa wanne ne ba, ya ce abin da aka rubuta a kansu kaɗan ne, masana ma ba kowa ya taɓa ganinsu ba. Ya ƙara da cewa doka ta hana kama su, balle fita da su.

Baba Musa ya yi wata magana a hankali, Isuhu ya juyo.

“Ya ce wanda ya kamo shi bai ji tsoron Allah ba. Ya ce a garin nan ba zai ga ƙarshen zahin nan ba.”

Na ce ya tambaye shi, in na kai shi Kano fa?

Isuhu ya tambaya, Baba ya amsa, Isuhu ya danne dariya. “Yana tambaya, garin naku ya hi nan sanyi?”

Na juya na dubi kejin.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallacin da ke wajen Liuhua, wani ɗan kasuwa da ya ga hoton ya ja ni gefe. Ya ce doka ba matsala ba ce, ana zura su a safa a sa cikin bututu a tsakiyar kaya, shi ya san waɗanda suka yi. Ya ce a Kano in ware masa ɗaki mai na'urar sanyi. Na tuna wutar garinmu, na tuna tsuntsun a kan kankarensa. Na ce masa ni mai kiwo ne, ba mai fasa-ƙwauri ba. Ya ce to in zauna da malantata. A daren Malam Ɗanjuma ya sake aiko saƙo yana tambayar yaushe baƙon zai iso. Na gaya masa ba zai iso ba.

Baba Musa ne ya kawo mafita. Surukinsa Ibrahim yana tuƙa babbar motar sanyi da ke kawo naman rago daga yankinsu, kuma in zai koma hanyarsa tana ratsa saman duwatsun. Sai dai a jira zuwansa. A kwanakin jiran nakan zo safe da yamma in wanke kejin. Inna Ayisha ta riƙa murƙushe masa wasu ƙananan iri da ake aiko mata daga gida, ya fara ci. Hakin ya ragu. Ko sau ɗaya bai yi kuka ba.

Ranar da Ibrahim ya iso, da azahar ya kira Baba. Yana sauke nama a wata kasuwar sanyi can bayan gari ta arewa, ba a barin manyan motoci su shigo cikin gari da rana, kuma yana gama sallar la'asar zai juya. Shagon ya cika da masu cin abinci, Baba ba zai motsa ba. Isuhu yana ɗakin jarrabawa. Saura ni.

Na shirya shi a tsare. Na sa kejin a kwali na huda gefe da gefe, na jera robobin ruwa masu ƙanƙara a kewaye, na jiƙa farin tawul na ɗora a sama. Inna Ayisha ta ba ni lemarta. Ibrahim ya aiko alamar wurin a wayata, na fita.

A tashar jirgin ƙasa na cikin gari ma'aikaciyar da ke duba kaya ta ɗaga tawul ɗin, ta ce meyo. Direban bas ya girgiza hannu tun kafin in sa ƙafa. Tasi bayan tasi suna rage gudu, su dubi baƙin mutum da kwali mai ɗiga, su wuce. Na kira mota ta waya, mai ita ya zo, ya ji motsi a kwalin, ya ja abarsa. Ban tsaya gardama da kowa ba, don lokaci ba nawa ba ne. Na ɗauki kwalin na bi alamar da ƙafa.

Ban san garin nan yana da girma ba sai ranar. Na wuce kantunan da na sani, na shiga unguwannin da ban taɓa takawa ba, ƙarƙashin gadoji, gefen manyan tituna inda kwalta ke tururi. Ƙanƙarar ta riƙa narkewa, gindin kwalin ya jiƙe, dole na tallafe shi da hannu biyu, lemar a maƙale tsakanin wuya da kafaɗa. Duk ƙaramin shagon da na gani sai in shiga in nuna robar in nemi daskararriya. Wata tsohuwa mai shago ta leƙa ta gan shi, ta kwaso mini daga can ƙasan firjinta, ta ture hannuna da na miƙa kuɗi. Takalmina ya sale mini diddige. Da na tsaya a inuwar wata gada na ɗaga tawul ɗin, bakinsa a buɗe yake, ya sauka daga kankaren ya kwanta a gefensa. Na duba wayar, na ga abin da ya rage ƙafa ba za ta ci shi kafin la'asar ba.

A nan wata mata mai keken kaya mai ƙafa uku ta tsaya ɗaure kwalayenta. Na yi mata nihau, gaisuwarsu, na nuna mata wayar, na nuna mata tsuntsun. Ta dube shi, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta yi wata magana mai tsawo da ban gane ba. Sai ta ture kwalayen gefe ta buga wurin da tafin hannu.

Haka na ratsa arewacin Guangzhou, magidanci da kaftani da furfura a gemu, a tsugune a bayan keken kwalaye, lema a kan tsuntsu, kaina a rana. Mutane suna ɗaga waya suna ɗaukata. Da a Kwari ne da an yi shekara ana ba da labarin. Ban sunkuyar da kai ba.

Mun tarar da Ibrahim ya idar da sallah, injin motar yana aiki. Ya karɓi kejin ya sa a kujerar gefensa daidai inda sanyi ke fitowa, ya ɗaure shi da bel. Matar keken ta ƙi karɓar komai sai robar ruwa ɗaya. Ni da Ibrahim ba mu da yaren da ya haɗa mu. Na dafa kejin na ce, “Amana.” Ya gane kalmar, ya dafa ƙirjinsa. Na tsaya har sai da na ga tsuntsun ya rufe baki, sannan na sauka daga motar.

Saura Lawban Wu. A ƙasar nan, kamar a tamu, rabuwa da kyautar babban mutum ba ƙaramin abu ba ne. Isuhu ya ce in ya tambaya in ce ya mutu, ai da ma hanyar da ya ɗauka ke nan. Na ce ba na yi wa wanda na sha shayinsa ƙarya. Da muka koma Panyu tambayar farko da ya yi ita ce ko tsuntsun ya fara kuka. Na sa Isuhu ya gaya masa komai, daga baƙar riga har keken kwalaye. Ya saurara har ƙarshe. Ya zuba shayi a kofinsa, bai zuba a nawa ba. Aikinmu na gaba aka tura shi bayan na kowa, kayan suka makara, kasuwar sallah ta wuce mu. Maigidana ya kira daga Kano ya ce, “Habibu, kiwon tsuntsu na aike ka?” Na ba shi haƙuri kan makarar, ban ba shi haƙuri kan tsuntsun ba.

Saƙon Ibrahim a wayar Baba Musa ya shigo, muka taru a kai a ɗakin ajiya. Hoton motsi ne. Iska tana kaɗawa da ƙarfi, ko'ina duwatsu, ga fararen tabon ƙanƙara a tsakaninsu, ba bishiya ko ɗaya. Ya ajiye kejin a ƙasa ya buɗe ƙofar ya ja da baya. Tsuntsun ya daɗe a kan kankarensa na titin Guangyuan. Sannan ya diro, ya fito, ya yi tsalle biyu, ya tsinci wani abu a ƙasa. Ya ɗaga kai ya yi wani gajeren fito mai kaifi, wanda a majalisarmu ko juyowa ba za a yi ba. Shi ke nan kukan da na taɓa ji daga bakinsa. Ya tashi ƙasa-ƙasa, da ya juya baya sai ya saje da dutse. Inna Ayisha ta share ido da gefen ɗankwalinta, Baba ya koma kan ƙullunsa.

Na kai wa Lawban hoton. Ya kalla, ya ce a maimaita, ya kalla, ya mayar mini da wayar da hannu biyu. Ranar dai ya zuba mini shayi.

Da Ibrahim ya sake zuwa ya dawo mini da kejin. Ya bar kankaren a can, ya sa wani dutse mai ruwan toka da ya tsinta a wurin. Da na je gida na kai shi gindin darbejiya. Aka yi ta dariya, wai Habibu ya je Sin ya dawo da dutse a keji. Malam Ɗanjuma ya juya dutsen a hannunsa ya ce ƙusar sama ta mai kuka ce, ƙa'ida ba ta canjawa. Na ce gaskiya ne, na rataye shi a ƙusar ƙasa da hannuna. Yana nan har yau, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sauke shi.

Abin da nake roƙonka, kai da za ka zo garin nan fatauci ko karatu, guda ne. In aka miƙo maka keji, saye ko kyauta, ka ga tsuntsun ya ƙi hawa kara, kada ka lulluɓe shi, kada ka kai shi rana, kada ka yi masa lissafin Kano. Nemi shagon taliya mai koren allo, ka yi sallama, ka tambayi masu farar hula daga ina aka kamo shi, kuma yaushe mota za ta koma.